Mu faɗaɗa kwata ko mu bar ƙasa ta sha ruwanta?

Injiniya (Gesse):
Assalamu alaikum jama'a. Na ga ana ta maganar a yi karo-karo a faɗaɗa kwatocin unguwa a nan Birnin Kebbi kafin malka ta kama. Ban ƙi ba, amma ina roƙo mu fara duba daga ina ruwan nan yake fitowa. Ga lissafi mai sauƙi. Ruwan sama na milimita 1, in ya sauka a kan murabba'in mita 1, lita 1 ke nan. Gida mai rufin kwano na murabba'in mita 100, wanda ba wani katafaren gida ba ne, in aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, lita 5,000 ce za ta zubo daga indararonsa. Jarka 200 ke nan ta mai lita 25. A da ruwan nan tsakar gida mai yashi yake faɗawa, mai nutsewa ya nutse, saura ya bi rariya ya gangara kududdufi. Yanzu mun shafe tsakar gida da siminti, mun shafe ƙofar gida, kududdufin ma an cike shi an yanka filaye. Sai ruwan gida ɗari ya fito titi lokaci guda.

Shawarata ita ce kowane gida ya riƙe wani kaso na ruwansa a inda ya sauka. A sa tanki ko duro a ƙarƙashin indararo, a haƙa ramin tsakuwa da ragowar zai shiga ya nutse, a bar wani sashe na tsakar gida ba siminti, a dasa itace. Kwata ta zama ta ɗaukar abin da ya yi saura. Faɗaɗa kwata ita kaɗai kamar mutum ne ya share ɗakinsa ya tura sharar ƙofar maƙwabci. Mu na tudu mu yi barci, na gangare su kwana suna kwalfa.

Magini (ɗan Jega):
Wa alaikumus salam Injiniya. Lissafinka ya yi, amma ni da nake riƙe da cokali kullum ina da ja. Yawancin gidajen da ke faɗuwa da damina ba ruwan titi ke kayar da su ba, danshi ne ke cin gindin bango a hankali har ranar da zai zauna. Gidan ƙasa, ko na bulo da aka yi wa fandisho marar zurfi, ka ce a nutsar da ruwa a tsakar gidansa? Mu da muke ta fama da mutane su yi dakali, su shafe gindin katanga don ruwa ya yi nesa da ita?

Injiniya (Gesse):
Gaskiyarka Malam, kuma ba mu saɓa ba. Gindin bango a shafe shi, a yi masa gangare ruwa ya guje shi. Ramin kuwa ba a yin sa kusa da gini. Ya yi nesa da kowane bango da aƙalla mita 3, in fili ya ba da dama a kai 5, kuma har bangon maƙwabci ake lissafawa. Gidan da tsakarsa ba ta kai haka ba kada ya haƙa, ya tsaya ga tanki.

Hajiya (Badariya):
Ni dai ku bar ni da simintina. Ku maza ba ku san wahalar tsakar gida mai ƙasa da damina ba. Yara su kwaso taɓo har kan tabarma, wanki ya faɗi ya ɓaci, ga kwaɗi, ga kunama in an yi ruwan farko. Da kuɗin adashena na shafe tawa, kuma tun lokacin na huta. Sannan ruwan da za a ajiye ba sauro zai tara mana ba?

Malama (ma'aikaciyar jinya):
Hajiya kin taɓo inda ya dame ni. Daga Agusta zuwa Oktoba ɗakin kwantar da yara a asibiti ba ya ɗaukar masu zazzaɓin cizon sauro, har ƙasa ake shimfiɗa. Amma in za mu yi adalci, sauro na buƙatar ruwa ya kwanta wajen mako ɗaya zuwa kwana 10 kafin ƙwai ya zama sauro mai tashi. Ramin da ya shanye ruwansa cikin kwana 2 ba ya haifar da komai. Inda ake ƙyanƙyasar su shi ne kwatar da leda ta toshe, ruwa ya yi wata yana kwance ya yi kore, da tsofaffin tayu, da duro marar murfi. Don haka duk wanda zai sa tanki ya rufe shi ruf, ya ɗaura raga a bakin da ruwa ke shiga. In ba zai iya wannan ba, gara kada ya sa.

Injiniya (Gesse):
Hajiya ba cewa na yi ki fasa simintinki ba. Wurin girki da wanki da inda ake shimfiɗa tabarma su zauna yadda suke. Kusurwa ɗaya za ki ware, inda ruwa ke taruwa kafin ya fita rariya, a fasa nan kaɗai, a zurfafa shi kaɗan kamar taƙi ɗaya, a gauraya ƙasar da yashi da taki, ki dasa zogale ko lemun tsami ko gwanda. Ruwan tsakar gida ya fara shiga nan, in ya cika ya wuce waje.

Hajiya (Badariya):
Zogale kam ina so. Amma awakina za su bar shi?

Manomi (Augie):
Ku gafarce ni, wagga magana ta mutanen birni ce. Ramin tsakuwa mi zai yi wa Gulbin Rima? A 2020 muna ji muna gani ruwa ya hau shinkafa tana gab da fidda kai, daga nan Augie har Argungu, Birnin Kebbi, Bunza, Suru, Bagudo. Dubban ɗaruruwan hekta anka yi asara a jihar nan, mutane da bashin noma a wuyansu. Da kwalekwale munka riƙa zuwa duba gona, ba ka ganin komi sai kan itace. Kafin nan a 2010, da anka buɗe ƙofofin madatsar Goronyo, har gadar da ke zuwa jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ruwa ya tafi da ita. Wanga ruwa daga nesa yake tahowa, ba daga kwanon kowa ba.

Injiniya (Gesse):
Allah ya mayar da alheri, Yaya. Maganarka dutse ce, kuma ya kamata a raba abin biyu don kada a yaudari kowa. Akwai ambaliyar gulbi, akwai ambaliyar unguwa. Ta gulbi ruwan ƙasa mai faɗi ne: abin da ya sauka a Katsina da Zamfara da kudancin Nijar ya biyo Rima, wani ya ratso ta madatsar Bakolori, wani ta Goronyo. In kuma Kwara ta cika, kamar a 2020 da ta kai matsayin da ba a taɓa aunawa ba a Yamai, ruwan Rima ba ya samun wurin zuba da sauri, sai ya bazu a fadama. Wannan ba aikin magidanci ba ne. Yana buƙatar a riƙa sakin ruwan madatsu da tsari, a sanar da mutane da wuri, a kai hasashen NiMet, hukumar hasashen yanayi, da na NIHSA, mai lura da ruwan koguna da ambaliya, ga manomi da Hausa kafin ya zuba iri, a ƙarfafa noman rani. Abin da na kawo na ta biyun ne, wadda ake yin ruwan awa ɗaya ya shiga ɗakunan mutane a unguwar da ba ta ko hango gulbi.

Manomi (Augie):
To yanzu na ji ka. In dai ba a ce da mu wanga shi ne maganin duka ba.

Baba (Shiyar Fada):
Ku saurara yara, in gaya muku abin da munka tarar. Kowace shiya tana da kududdufinta, don nan anka ɗebi ƙasar da anka gina gidajen shiyar. Da damina ruwan unguwa duk can yake tafiya. Da kaka a yi tubali da shi, dabbobi su sha, kuma rijiyoyin da ke kusa ba su ƙafewa da wuri. Ba wanda ya karanta wanga a makaranta. Sai anka yi fari na 1973, anka sake yi a 1984, shekaru sunka yi ta zuwa ruwa kaɗan. Mutane sunka ga kwari ya bushe, sunka ce ai fili ne. Anka zuba shara anka cike, anka sayar, anka gina. Wanda ya saya bai san tarihin wurin ba, ya zo da rani ya ga ƙasa busassa ya biya. Yau ruwa ya dawo, kuma ruwa ba ya mance hanyarsa. Ni abin da zan roƙa, ɗan abin da ya rage na kududdufai a bar su. A kewaye su saboda yara, don mun rasa yara a cikinsu kuma ba abin wasa ba ne, a hana zuba shara, amma kada a cike.

Ɗalibi (Aliero):
Allah ya ƙara lafiya Baba. Abin da kuka faɗa ya yi daidai da abin da ake koya mana. Ruwan ya dawo amma ba da irin halinsa na da ba. Duk ƙarin zafi na digiri 1 yana sa iska ta iya riƙe ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100, shi ya sa in hadari ya tashi zubarwa yake zubarwa da yawa cikin ɗan lokaci. Masu nazarin hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa manyan hadarurruka masu tsanani a yankin Sahel sun ninka kusan sau uku daga farkon shekarun 1980. Sai ka ga an yi mako biyu ba ɗigo, gero na naɗe ganye, sannan a sauke na mako biyun a dare ɗaya. Kwalbatin da aka auna da ruwan shekarun fari ba zai ɗauki wannan ba.

Ɗan kasuwa (Rafin Atiku):
Ni fa ina jin tsoron irin wannan magana, don tana sauke wa hukuma nauyi ta ɗora wa talaka. Mutumin da ke neman na cefane za ka ce ya sayi tanki? Kuma ƙasar Sin da ta fi kowa kashe kuɗi a kan wannan tsari na birane masu tsotse ruwa, a Yulin 2021 an yi ruwan sama da milimita 200 cikin awa ɗaya a birnin Zhengzhou, ruwa ya cika har hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin ƙasa, mutane suka mutu. In su bai cece su ba, mu ramin tsakuwa zai cece mu? A yi mana manyan magudanai kawai, haƙƙinmu ne.

Injiniya (Gesse):
Haƙƙinmu ne Alhaji, kuma mu ci gaba da nema. Ruwan milimita 200 a awa ɗaya ba tsarin da zai tare shi, ko kwata ko rami. Amma ba shi ke shiga shagunanku kowace shekara ba. Na milimita 30 ne da 40, wanda ake yi sau da yawa a damina ɗaya, kuma shi ana iya rage masa ƙarfi sosai. Sannan abin da nake nema daga hukuma ya fi abin da kake nema yawa. Bayan magudanai, a daina ba da izinin gini a kan hanyar ruwa. Duk mai gina gidan mai ko rukunin shaguna ko makaranta a sa masa sharaɗi ya nuna inda ruwan rufinsa da harabarsa zai tafi. Sababbin unguwanni a ware musu filin tara ruwa tun a taswira, a yi shi fili mai ɗan zurfi da ciyawa, da rani yara su buga ƙwallo a ciki, da damina ya riƙe ruwa kwana ɗaya ko biyu. Gidan mai ɗaya da aka malale da kankare ya fi gidajen talakawa da yawa turo ruwa titi.

Ɗan kasuwa (Rafin Atiku):
Wannan na yarda da shi. A fara da masu manyan harabobi, kada a fara da mu.

Malama (ma'aikaciyar jinya):
Akwai abin da ba a ambata ba kuma shi ya fi tsorata ni. A unguwanni da yawa masai da rijiya a gida ɗaya suke, wani wurin taku kaɗan ne tsakaninsu. In aka riƙa nutsar da ruwa kusa da ramin masai, ana tura ƙazanta zuwa rijiya ne, kuma amai da gudawa daga nan yake farawa. Ramin ruwan sama na ruwan rufi ne kawai da na tsakar gida mai tsabta. Kada a haɗa shi da ruwan wanka ko na turken dabbobi, kada a yi shi tsakanin masai da rijiya. Na tanki kuma, ruwan farko na damina a bar shi ya wanke kwano ya zube, don ƙurar rani da kashin tsuntsu da na ƙadangare duk suna kai. Wanki da wanka ba laifi. Na sha sai an tafasa ko an sa magani.

Hajiya (Badariya):
Ai mu da can a randa muke tarar ruwan sama, ba sabon abu ba ne. Yanzu da 'yan garuwa suka tsawwala kuɗin kura, wannan kam zan yi ko ba don ambaliya ba.

Injiniya (Gesse):
Ki ƙara da wannan Hajiya: a nan Birnin Kebbi ana samun ruwa wajen milimita 800 a shekara. Rufin nan na murabba'in mita 100 yana zubar da kusan lita 80,000 ke nan a damina ɗaya, mu bar shi ya tafi titi, sannan a watan Afrilu mu bi kura muna roƙo. Sharaɗi ɗaya ne: tankin da ya cika ba ya tare komai. In an ga hadari a yi amfani da na ciki ko a sake shi a hankali ga shuka, don ya samu wurin karɓar sabo.

Direba (Kamba):
Ni ina shiga Nijar da kaya, ta Gaya har Dosso, wani lokaci har Tawa. Abin da na gani a can ya shafi maganar Yaya na Augie. A kan faƙo, ƙasar nan mai tauri da ko ciyawa ba ta fitowa, suna haƙa ramuka masu siffar rabin wata, bakin yana kallon tudu, a jere ana saɓa su. Ruwan da zai gangaro sai ya faɗa ciki ya tsaya. Akwai kuma tassa, ƙananan ramuka da ake zuba taki a shuka gero a ciki. Na ga wuri ɗaya gefen hanya, ɓangaren da aka haƙa kore shar, ɓangaren da ba a taɓa ba ja wur ruwa na gudu a kai yana yanka kwazazzabo. A wajen Maraɗi kuma sun daina tumɓuke kututture in suna sassabe, suna barin tohon gawo da kalgo da sabara su girma, suna ce masa sassaben zamani. Ruwan da ya tsaya a gonar tudu ai bai zo gulbi a ranar ba.

Manomi (Augie):
Wanga gaskiya ne. Kuma yashin da ke cike mana gulbi daga tudun nan yake zuwa. Inda da mutum ke nutsewa yanzu da rani yaro na ƙetarewa da ƙafa. Gulbin da ya cika da yashi ruwa kaɗan ke sa shi ya yi amai. Mu nan mun san jema da gamba, kakanninmu na dasa su a iyakar gona, saiwarsu na riƙe ƙasa. An bar su ne don kowa na son ya nome har bakin ruwa.

Ɗalibi (Aliero):
Irin wannan aikin na gyaran ƙasa da tare ruwa a tudu yana cikin abin da aka kafa shirin ACReSAL don shi, wanda Bankin Duniya ke tallafa wa jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma Kebbi na cikin jihohin da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, na dasa itatuwa don tare hamada, ya ratsa. Ƙungiyoyin manoma su je su tambayi rabonsu da bakinsu, kada su jira a zo a same su.

Matashi (Bayan Kara):
Duk na karanta. Mu 'yan haya ne, gida mai ɗaki takwas, mai gidan yana wani gari. Ba mu da ikon fasa ko taƙi ɗaya. Kuma ranar Asabar da muka yashe kwatar layinmu, abin da muka fitar ledar ruwa ce da robar lemo da yashi, muka tara a gefe, ba motar da ta zo ɗauka, ruwan daren Litinin ya mayar da shi ciki. Wasu ma da gangan suke fito da shara in an fara ruwa don ya tafi da ita. A gaya mana abin da ɗan haya zai yi.

Baba (Shiyar Fada):
Yaro, wanga na masu unguwa ne da limamai. A faɗa a masallaci ranar Juma'a cewa zuba shara a hanyar ruwa cutar da maƙwabci ce. Kuma in za ku sake yasa, ku fara shirya mai kura ko mai amalanke da zai kwashe a ranar, ko da kuɗin karo-karon nan ne.

Injiniya (Gesse):
Duro mai murfi a ƙarƙashin indararo ba ya buƙatar izinin kowa, kuma in kun tashi kun tafi da abinku. Gida mai ɗaki takwas in kowane ɗaki ya sa duro na lita 200, lita 1,600 ke nan ba ta fita titi ba a lokacin da kwata ta fi shan wuya. A bakin rariyar gida kuma ku sa raga ta tare leda.

Magini (ɗan Jega):
To Injiniya, tunda an kawo nan, bari in faɗi yadda za a gane ƙasar da ta dace, don ba ko'ina ba ne. Kafin a kashe ko sisi a haƙa ɗan rami mai zurfin gwiwa a inda ake so, a cika shi da ruwa ya shanye, a sake cikawa. In na biyun ya shanye kafin washegari, ƙasar jigawa ce, a yi. In an wayi gari yana nan, laka ce ko an taras da marmara, a haƙura. Unguwannin da ke kusa da fadama, inda rijiya ke cikowa har a ɗiba da hannu a watan Agusta, kada ma a gwada, ƙasar ta riga ta ƙoshi. Inda ya dace kuwa, ramin ya kai zurfin mita 1 zuwa 1 da rabi, a cika da manyan duwatsu a ƙasa, tsakuwa a sama. A yi ɗan ƙaramin akwati na bulo kafin ramin inda yashi zai kwanta, a riƙa kwashewa, in ba haka ba damina biyu ramin ya toshe. A bar masa kuma hanyar da zai fita zuwa rariya in ya cika.

Hajiya (Badariya):
Malam, fasassun bulo da suka rage mana tun ginin katanga za su yi a maimakon dutse? Suna nan jibge a bayan gida.

Magini (ɗan Jega):
Za su yi Hajiya, in na siminti ne masu ƙwari. A fasa su kamar girman dunƙulen hannu, a tankaɗe garin a zubar, don garin ne ke toshe ramin. Tubalin ƙasa kam kada a sa, narkewa zai yi. Ki sa yara su yi gwajin ramin nan tukuna, ki gaya mana awa nawa ya ɗauka kafin ya shanye.